Kogon Da Muka Kai Inna

Laraba: daga Tottenham zuwa Heathrow

Da sunan Allah mai kai matafiyi ya dawo da shi. Ƙarfe huɗu saura kwata na asubahin Laraba muka ja ƙofar flat ɗinmu da ke Tottenham, mu uku: ni, da maigidana Abban Hanifa, da mahaifiyarsa Inna. Lift ɗin gininmu ya mutu tun makon da ya wuce, council, wato hukumar unguwa, suna ta cewa ga su nan zuwa, don haka da ƙafa muka sauko hawa uku. Na duba agogo. Minti goma sha ɗaya Inna ta yi kafin ta taka ƙasa, kuma saukowa ce, ba hawa ba.

'Yan uwana matan makarantar Asabar, kun ce in na dawo in gaya muku ko sabuwar cibiyar tarihi da aka gina a gindin Dutsen Nur ta cancanci ku sa ta cikin tafiyarku ta baɗi. Zan faɗa. Amma sai kun bi ni tun daga ƙofar gida, domin amsar tana da jela.

Kun san bara da sanyi Inna ta kwanta asibiti mako uku, zuciya ta so ta ba mu tsoro. A kan gadon nan ta yi alwashi cewa in Allah ya tashe ta, za ta je kogon Hira, inda wahayi ya fara sauka ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta karanta ayoyin farkon nan a wurin. Allah ya tashe ta. Malaminmu ya zauna da ita ya ce hawa dutsen ba ya cikin Umara, kuma ba a ɗora mata ba. GP, wato likitanta, ya ce kada ta kuskura. Inna ta ce, "GP ɗin nan, shi ya tashe ni?"

Sai Abban Hanifa ya zo mini da dabara a kicin, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya gano cewa a cikin cibiyar an ƙera kogo irin na sama sak, a ɗaki mai sanyi, babu hawa. Zai ce wa Inna Larabawa sun fasa dutsen sun yi hanya ta ciki.

Na ce, "Abban Hanifa, ƙarya? A Makka?"

Ya ce, "Ba ƙarya ba ce, editing ne, gyaran labari kawai. Na riga na yi booking. Ke dai kada ki ce komai. Ko kin fi so ta faɗi a kan dutse?"

Ban fi so ba. Na yi shiru, na kuma lallashi kaina cewa shiru ba ƙarya ba ne.

Maƙwabcinmu Baban Faith, mutumin Kafanchan da ke tuƙa minicab, shi ya kwashe mu. Muka bi North Circular, hanya fayau, minti hamsin muka isa. A hanya ya ce, "Mama, dutsen nan da aka ce za ki hau, na ga hotonsa fa. Ni da na tashi ina hawan duwatsun Kagoro ma sai na yi tunani."

Abban Hanifa ya kama tari. Inna ta ce, "Mai rediyo ya ce an gyara." Haka take kiran ɗan nata, saboda ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, kuma aikinsa ke nan, karanta labarai da Hausa.

Baban Faith ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce Mama ta sa matarsa a addu'a, tana da jarrabawar nursing.

A wurin bincike aka karɓe kwalbar man zafin Inna, wai ta fi ƙa'ida girma. Yajinta kuwa, bayan baturiyar ta shinshina ta yi atishawa uku, ta miƙo mana abinmu da sauri. Abban Hanifa ya ce ba zai iya kokawa da banɗakin jirgi ba, ya ɗaura haraminsa tun a Heathrow. Mutum mai shekara hamsin da biyu, da tumbi, cikin tawul biyu, a watan sanyi. Inna ta dube shi ta ce rabonta da ganinsa haka tun ranar kaciya.

Jidda zuwa Makka

Jirgi ya tashi tara da rabi. Awa shida da 'yan mintoci muna sama. Da aka sanar an kusa miƙati, jirgin duka ya ɗauki talbiyya, har hawaye suka zubo mini. Mun sauka Jidda bayan magariba agogon can. Aka ɗauki hoton yatsunmu. Na Inna sai da aka gwada sau huɗu, jami'in ya ce zanen yatsun ya goge. Inna ta ce a gaya masa aiki ne ya cinye.

Direbanmu Idirisu Bahaushe ne haifaffen Makka, kakanninsa da ƙafa suka zo daga Haɗeja. Hausarsa duk ta sha Larabci. Tafiyar kilomita tamanin ce ko kusa da haka, da shingen bincike guda kafin a shiga iyakar Harami, inda aka leƙo aka dube mu aka ɗaga hannu. Inna ba ta ɓata lokaci ba.

"Ɗan nan, Dutsen Nur, yaya hawansa?"

"Wallahi Hajiya sa'ab, wuya! Samari ma awa ɗaya da rabi. Ga birai suna fizge jaka. Ke kam khalas, ki tsaya a ƙasa."

Abban Hanifa ya ce, "Da ke nan. Yanzu an gyara. Malam Idirisu, ƙara mana sanyin motar nan."

Idirisu ya dube ni ta madubi. Na sunkuya ina jan carbi kamar wadda aka ba aiki.

Masaukinmu tafiyar minti goma sha biyar ne zuwa Harami. An ce mana taga tana kallon masallaci. Tana kallonsa, in ka cire hotel biyun da ke tsakani.

Alhamis: Umara

Bayan sallar asuba muka shiga. Ba zan iya ba ku labarin ganin Ka'aba ba, wadda ta je ta sani, wadda ba ta je ba Allah ya kai ta. Abin da zan faɗa shi ne Inna ta ƙi keken guragu. Ta ce wadda za ta hau dutse jibi ba a tura ta yau. Zagaye huɗu ta yi lafiya. A na biyar na ji nauyinta ya sauko kafaɗata gaba ɗaya, leɓɓanta sun yi fari. Da ƙyar muka cika bakwai. A Safa da Marwa ba ta yi gardama ba, aka tura ta, tana ta kawar da kai kamar an kama ta da laifi.

Abban Hanifa ya raɗa mini, "Kin gani ko?" Na gani. A wannan kam yana da gaskiya.

Da rana muka ci shinkafa bukhari da rabin kaza, riyal ashirin da biyar, ta ishe mu mu uku. Inna ta barbaɗa yajinta ta ce yanzu ta zama abinci.

Juma'a

Bayan an sauko masallaci Inna ta wanke farin hijabinta da hannunta, ta shanya a kan kujera, ta turara shi. Sannan ta ce in zauna in saurare ta. Kun san ba ta yi karatu tana yarinya ba, a makarantarmu ta Asabar ta fara haɗa baƙi tana da shekara saba'in. Ayoyi biyar ɗin nan wata huɗu ta yi tana bitar su. Ta karanta mini sau uku, ta yi tuntuɓe a aya ta huɗu, ta koma, ta wuce.

Ta ce, "Sa'ade, gobe ki tsaya kusa da ni. In na ɓata ki gyara mini. Ke ce shaidata."

Na ce to. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Jiya-jiya na gama Umara, an ce mutum yana fita fes, ga ni tun ban kwana biyu ba ina shirin tsayawa shaida a kan kogon roba.

Asabar: cibiyar

Takwas da rabi na safe Idirisu ya ɗauke mu, minti ashirin muka isa. Gaskiya an kashe dukiya. Fili ne shimfiɗeɗe, ƙasa kamar a ci tuwo a kai, ga bishiyoyi a jere, ga shagunan kofi, ga na tsaraba. Banɗakin mata ya fi falona tsabta, kuma kun san falona. Shayi ƙaramin kofi riyal goma sha takwas, na sha ina istigfari. A shagon tsaraba na ga darduma irin wadda na saya a Stratford, har zanen fitilar, sai dai nan an ninka mata kuɗi saboda ta kwana kusa da dutse. Dutsen kansa yana tsaye a bayan ginin, baƙi-baƙi, doguwar hanya ta nannaɗe shi, mutane a kanta kamar tururuwa. Abban Hanifa ya bi ta gefen Inna da lema, ya karkata ta yadda ba za ta ga sama ba, alhali rana ba ta ma yi zafi ba.

Aka duba tikitinmu a waya, muka shiga. Ɗaki bayan ɗaki, duhu da sanyi da ƙamshi, bango duka allon hoto. Ana nuna Makka ta da, da ayarin raƙuma, da yadda aka riƙa rubutu a kan fata da ƙashi. A nan kam na ƙaru, na ga abubuwan da nake ji a bakin malamai ban taɓa sanin kamanninsu ba. Sai muka hau matakala mai tafiya da kanta, hawa ɗaya tak.

Abban Hanifa ya ce, "Inna, mun fara hawan dutsen ke nan."

Inna ta ce, "To."

A ɗakin ƙarshe ga kogon. An haska shi da fitila mai ruwan zuma, ga tsaguwa, ga tudu da kwari, in ka gani sai ka rantse. Kuma in ba su haƙƙinsu, ba su ɓoye komai ba. Ga allo nan da Larabci da Turanci an rubuta cewa kwaikwayo ne. Sai dai maigidana ya je ya tsaya a gaban allon, kuma Allah ya hore masa faɗin da zai rufe harsuna biyu. Jagoran wurin, wani mai fara'a cikin farar jallabiya, ya yi bayani da Turanci cewa an auna na saman ne aka ƙera wannan daidai da shi, saboda tsofaffi da marasa lafiya.

Inna ta ce, "Me ya ce?"

Mai fassarar labaran duniya ya gyara murya ya ce, "Ya ce ki shiga da ƙafar dama."

A gabanmu akwai wata Hajiya da na sani daga Stratford. Ba zan kama suna ba, tana cikin masu karanta wannan. Ta jingina da bango tana aika saƙon murya gida: "Ga mu a kogon Hira, wallahi mun sha wuya, ku dai ku taya mu da addu'a." Kofin kofinta yana ɗaya hannun. Wasu suna shafa bangon suna shafawa a fuska, jagoran yana ta roƙonsu su bari.

Layi ya zo kanmu. Inna ta tuɓe takalmi, ta gyara farin hijabinta, ta shiga da ƙafar dama. Ta ɗora tafin hannunta a bango. Na jira ta fara, ba ta fara ba. Ta matsar da hannun wani wuri, ta sake ɗorawa. Sannan ta juyo. Ba ɗanta ta duba ba.

"Sa'ade, matso. Tsakaninki da Allah, nan ne?"

Ta bayan kanta ina hango Abban Hanifa yana ɗaga mini gira, yana girgiza kai, har da haɗa hannuwa. Na tuna leɓɓanta a zagaye na biyar. Na san in na faɗa, tana iya fita ta nufi hanyar can, kuma babu mai tare ta. Amma shirun da na ɓuya a cikinsa tun daga Tottenham ya ƙare, an kira sunana.

Na ce, "Inna, ba nan ba ne. Ƙerawa aka yi. Na gaskiyar yana can sama. Kuma tun London na sani, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Shekara talatin ina niƙa a kan dutse a Kazaure kafin inji ya zo unguwarmu. Dutse in ka ɗora masa hannu, janye ɗumin hannunka yake yi. Wannan kuwa mayar mini da nawa yake yi, kamar bokitin wanka." Ta sa takalminta. "Da kin ce nan ne, da na karanta, don kada in kunyata shi gaban mutane. Amma da ko ƙarfe nawa ban ƙara tambayarki ba."

Sannan ta waiwayi ɗanta. "Mai rediyo, labaran da kake karanta mana, su ma haka kake yi musu?"

Ya matsa gefe yana sosa ƙeya. Allon dai ya fito fili, kowa ya karanta.

Gindin dutsen

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Ta fita ta nufi inda hanyar hawa ta fara, da sandarta, muna biye muna magiya. Ta taka matakala shida. A ta bakwai ta tsaya, ta ɗaga kai ta bi hanyar da ido har can inda mutane suka zama ɗigo. Ta daɗe. Sai na ga kafaɗunta sun sauka.

Ta ce, "Ba zan iya ba." Ba ta taɓa faɗin haka a gabana ba, ko a asibiti.

Akwai wani ɓangaren dutsen da ya turo gefen hanya, da 'yar inuwa. Na shimfiɗa mata ɗankwalina na ajiya, na zaunar da ita. Na ce, "Inna, ni ba malama ba ce. Amma wannan da na saman jiki ɗaya ne. Taɓa ki ji."

Ta ɗora hannu. Ta rufe ido. Ta ce, "Wannan dutse ne."

Sai ta buɗe ido ta nuna ɗanta da sanda. "Ƙafafuna sun ƙi. Amma akwai waɗanda na haifa. Ɗauki wayarka ka hau, in ka isa ka nuna mini."

"Inna, ni fa ban yi training ba, kuma takalmin nan..."

"An gyara ai. Kai ka faɗa."

Goma da minti goma ya kama hanya. Mutumin da ke jiran lift don hawa ɗaya a wurin aiki. Duk bayan kwata yana kiranmu ta bidiyo, fuska kamar an tsamo shi daga miya. A kira na uku muka ga wasu tsofaffin mata 'yan Indonesiya sun wuce shi suna ba shi ƙarfin gwiwa, ɗaya har ta miƙa masa dabino. A na biyar ya ce biri ya tafi da ledarsa, da ruwan da biskit ɗin. Inna ta ce, "Idirisu ya faɗa, ka ce a ƙara sanyin mota."

Sha biyu da minti biyar ya isa, ya bi layi na rabin awa. Sannan hoton ya yi duhu, ya daidaita. Wani ɗan matsattsen wuri ne tsakanin duwatsu, ko mutum biyu ba zai ɗauka a sake ba. Babu fitila mai ruwan zuma, babu ƙamshi. Na ƙasan ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Amma ina ganinsa tsigar jikina ta tashi.

Na riƙe mata wayar. Hannunta na dama a kan dutse, ta yi bismilla ta fara. Ta zo aya ta huɗu, na buɗe baki in taimaka, ta wuce ba tuntuɓe. Daga cikin wayar muna jin numfashin Abban Hanifa yana sarƙewa. Har yau cewa yake haki ne.

Ta shafa addu'a, ta sa matar Baban Faith da jarrabawarta a ciki. Ta ce, "Kin shaida?" Na ce na shaida. Na aika wa malaminmu saƙo na ba shi labari, ya amsa cewa tun farko babu komai a kanta, Allah ya karɓi niyya. Inna ta ce a gaya masa ta gode, amma yanzu ne ta ji babu komai a kanta.

A saukowa maigidan ya gurɗe ƙafa. Man zafin da zai yi amfani kuwa yana Heathrow.

Amsar tambayarku

Ku je. Ku kai tsofaffinku da 'ya'yanku masu amsa muku da Turanci, za su ga abin da baki bai iya kwatanta musu ba. Ku sha shayinku a masauki, ku sayi dardumarku a Stratford. In kun isa kogon ƙasa ku kalla, ku ƙaru, ku kira shi da sunansa. Masu wurin ba su ce shi ne ba, mu ne muke zuwa da namu ƙarin. In kun fito, ku zaga baya ku ɗora hannu a kan dutsen, ba a karɓar tikiti a nan. Kuma wadda mijinta zai yi mata tafinta, ta nemi wani ya maimaita.

Madina, sannan gida

Litinin muka shiga jirgin ƙasa zuwa Madina, awa biyu da 'yan kai. Kwana huɗu muka yi cikin natsuwa, ana tura mutum ɗaya a keke zuwa masallaci, kuma ba Inna ba ce. Juma'a ƙarfe biyu da rabi na rana muka sauka Heathrow, ana yayyafi. Baban Faith yana jiranmu. Ya ga maigidan yana ɗingishi ya ce, "Oga, na ɗauka Mama ce za ta hau?" Inna ta ce ai ta hau, da ƙafafun aro.

Huɗu da kwata muka iso Tottenham. Council ba su zo ba. Inna ta hau hawa ukun a minti goma sha biyar, tana hutawa a kowane bene. Ɗanta ya yi ashirin. Ta tsaya a saman tana leƙensa ta ce, "Mai rediyo, ko in sa a fasa maka hanya ta ciki?"

Hanifa ta buɗe ƙofa da "Welcome back, Inna," gida yana ƙamshin miyar da Maman Faith ta aiko. Inna ta zauna a kujerarta, ta miƙe ƙafafu. Ga agogon bango nan a gabanta, ƙato, mai manyan lambobi, don ita aka saya. Ba ta dube shi ba.

Ta ce, "Sa'ade, ƙarfe nawa? La'asar ba ta wuce mu ba?"

Na gaya mata, na je na haɗa mata ruwan alwala mai ɗumi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu mu uku, da ƙafafu biyar masu lafiya. Na gode wa Baban Faith da iyalinsa, da Idirisu da ya faɗi gaskiya tun a mota, da ku da kuka riƙa leƙa mini yara. Allah ya kai kowaccenku, ya sa ta dawo da abin da za ta iya faɗa ba tare da an gyara shi ba.